Yamai: Yadda kifi ke cinye ɗan'uwansa a tankin gida mai kiwo bai sani ba

Lissafin ba shi da wuya. An sayo 'ya'yan tarwada dubu ɗaya, an zuba su a tankin siminti ko na tamfol a tsakar gida, ana ba su abinci safe da yamma, ana sauya musu ruwa. Bayan wata biyu ko uku aka zo ƙirga, sai a tarar da ɗari shida, wani lokacin ma ba su kai ba. Babu wanda ya ga mataccen kifi a saman ruwa, babu wari, babu alamar cuta. Waɗanda suka rage kuma ba su yi kama da waɗanda aka ƙyanƙyashe rana ɗaya ba: 'yan kaɗan sun kai kaurin tsintsiyar hannu, mafi yawa tsaka-tsaki, wasu kuwa har yanzu da kaɗan suka ɗara yatsa.

A birnin Yamai, jarin irin wannan sana'a yakan fito ne daga aljihun wa ko kawu da ke neman kuɗi a Legas, Akara, Abijan, Faransa ko Greensboro ta Amurka. Ya turo ta Nita ko Al Izza domin ƙane ya samu abin yi, ya daina zaman fada daga safe har dare. Don haka idan ƙirga ta zo a gurguje, tambayar da ke biyowa ta waya takan yi zafi: ina sauran? Daga nan zargi ya fara yawo, ya sauka kan ƙanen da aka bar wa amana, ko mai gadi, ko yaran maƙwabta, ko wanda ya sayar da irin. Ana satar kifi, ba a musun wannan, ana kuma tauye ƙirga wurin saye. Amma sau da yawa ɓarawon yana cikin ruwan, shi ne ma kifin nan mai ƙiba da ake ɗauka hoto ana tura wa mai jari don ya ga kiwo na albarka.

Daga kogi zuwa tsakar gida

Kiwon kifi ba baƙo ba ne a Yamai. Tun 1981 gwamnatin Nijar da masana daga Faransa suka fara wani shiri na kiwon karfasa a keji masu yawo a kan kogin Isa, wanda a Najeriya ake kira Kwara, tare da tashar samar da 'ya'yan kifi a Sona, a jihar Tillaberi. Shekarun fari ne, kogin na ja da baya, har a watan Yunin 1985 ya daina gudu a Yamai. Tun daga lokacin yashi ke ci gaba da cike shi, jama'ar birnin kuma na ƙaruwa. Wanda ya shiga kasuwar Djémadjé da sassafe zai ga giwan ruwa da karfasa da tarwada na masunta, amma a unguwanni kifin teku mai ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje shi ke cike gurbin da kogi ya bari.

Wannan gurbi ne ya jawo matasa. Kiwo a keji na buƙatar bakin kogi, kiwo a tafki na buƙatar fili, amma tankin tamfol ko na bulo na shiga kusurwar gida a Talladje, Lazaret ko Harobanda. Kifin da ya fi dacewa da irin wannan matsi shi ne tarwada. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar haɗiyar iska daga sama, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa za ta sheƙa barzahu cikin awoyi. Ga kuma Najeriya a maƙwabtaka, ƙasar da ta fi kowacce kiwon irin wannan tarwada a duniya, daga can ake samun iri da abinci da ma dabarun kiwon, har da bidiyoyin da matasa ke koyo da su a YouTube da TikTok. Bidiyoyin sun fi son nuna ranar kamu, kifi na birgima a bahon roba. Abin da ke faruwa a makonni takwas na farko, wanda shi ke yanke yawan abin da za a kama, ba kasafai yake samun mai ɗauka ba.

Masu kiwo a Najeriya na kiran kifayen da ke tsere wa sa'o'insu da suna shuta. Ba a tarwada kaɗai ake samunsu ba. A Japan, masu bincike biyu, Nakamura da Kasahara, sun fara wallafa nazari tun 1955 kan irin waɗannan 'ya'ya a cikin kifin kaf, waɗanda masu kiwon can ke kira tobi-koi, wato kifin da ya yi tsalle ya wuce sahu. Bambancin kan fara da abu kaɗan: wani ya riga fita daga ƙwai, wani ya riga samun loma ta farko. Wanda ya riga ci ya riga girma, wanda ya riga girma bakinsa ya riga buɗewa, gobe kuma shi zai riga kaiwa ga abinci. Haka tazarar ke ninkuwa kullum.

A tarwada abin ba ya tsayawa kan rige-rigen abinci. A 1988 Thomas Hecht na jami'ar Rhodes da ke Afirka ta Kudu da abokin aikinsa Samuel Appelbaum sun wallafa abin da suka gani bayan sun sa ido kan 'ya'yan tarwada 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Sun tarar suna fara cin juna tun tsawonsu bai kai santimita ɗaya ba, kuma cin iri biyu ne. A na farko, kifi kan kama ɗan'uwansa ta wutsiya, ya haɗiye shi har zuwa wuya, ya yar da kan, saboda kan tarwada faffaɗa ne mai tauri. A na biyu, wanda ke zuwa bayan tazara ta buɗe, babban kan haɗiye ƙaramin ɗungurungum ta kai. Sharaɗin kawai shi ne faɗin bakin mai ci ya wuce faɗin kan wanda za a ci. Irin na biyun ba ya barin shaida ko kaɗan. Na farkon ma, kawunan kan nutse a ƙasan tanki su bi ruwa ranar da aka buɗe bututu. Ga shi tarwada ta fi kuzari da dare, ruwan tankin kuma ba garau yake ba. Mai kiwo na barci, jarinsa na cin jarinsa.

Kifin da ya ci ɗan'uwansa ya samu abincin da babu kamarsa a buhu, don haka girmansa ya ƙara sauri, ya koma kan na gaba. Shuta goma a tanki, kowanne na haɗiye ɗaya duk bayan kwana biyu, sun isa su share ɗari uku cikin wata biyu.

Abin da gilashi ke nunawa

Wanda ke son ganin wannan rikici da idonsa sai ya bar tsakar gida ya shiga falo. Akwatin gilashi na kifin ado, wanda ake gani a otal-otal da gidajen cin abinci da wasu falukan birni, kuma 'yan Nijar mazauna Turai da Amurka ke saye wa yaransu, yana fallasa duk abin da tankin siminti ke ɓoyewa. Cikin kifayen da aka fi sayarwa a shagunan kifin ado na duniya akwai gurami, kuma kaɗan ne suka kai shi nuna yadda babba ke danne ƙarami.

Gurami ɗan asalin kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne, mazaunin fadamu da gonakin shinkafa da ruwan da ba ya gudu. Irinsa da yawa. Akwai ɗan ƙarami na Indiya da Bangladesh mai zanen ja da shuɗi, wanda bai cika wuce santimita 7 ko 8 ba. Akwai mai ɗigo uku da ke kai santimita 15. Akwai kuma ƙato na Indonesiya da ke iya kai santimita 70, wanda a can abinci ne kamar yadda giwan ruwa yake a nan, amma a shago ana sayar da shi yana ɗan mitsitsi, mai saye bai san abin da ya ɗauko ba. Kamar tarwada, shi ma gurami yana da gaɓar shaƙar iskar sama, yakan ɗago lokaci zuwa lokaci ya haɗiyi iska. Danginsa na nesa ma suna cikin kogin Isa, wasu ƙananan kifaye da masana ke kira Ctenopoma.

Yadda abin ke farawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mutum ya sayo guda huɗu ko biyar masu girma ɗaya, ya zaɓi shuɗi biyu, ruwan zinare biyu, yana ganin jinsi daban-daban ne. Alhali shuɗin da ruwan zinaren da mai dabbare-dabbare duk gurami mai ɗigo uku ne, launi kawai masu kiwo suka sarrafa, su kifayen kuwa sun san juna sarai. Makonni na farko lafiya lau. Da suka fara balaga, sai namiji ɗaya ya ƙara duhu, ya buɗe fukafukai, ya kama tsakiyar akwatin. Sauran su watse, wani bayan matatar ruwa, wani a kusurwar ƙasa, launinsu ya koɗe, gefen wutsiyarsu ya yayyage. Bayan wata uku mai gidan zai rantse ba rana ɗaya ya sayo su ba.

Abin da ya sa mulkin gurami ya fi na wasu kifaye tsanani shi ne wurin da yake mulka. Namijin kan gina sheƙar kumfa a saman ruwa, inda zai ajiye ƙwai ya yi gadinsu, don haka saman ruwa ne gidansa. A saman ruwan ne kuma abinci ke sauka, a nan ne iskar shaƙa take. Wanda aka danne ba shi da zaɓi, dole ya hau ya ci, dole ya hau ya shaƙa, kowace hawa kuma da duka. Sai ya rage hawan. Ga ƙarancin ci, ga gudu ba hutu. Nazarce-nazarce kan kifaye iri-iri sun nuna cewa wanda ake kora kullum jininsa kan cika da sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki idan ana cikin firgici, shi kuma yana kashe sha'awar abinci, ya rage girma, ya raunana garkuwar jiki. Shi ya sa wanda aka danne shi ke fara kamuwa da cuta, mai gida ya yi ta sayen magani alhali ciwon na zaune a tsakiyar akwati yana buɗe fukafukai. Tun 1946 Margaret Brown ta jami'ar Cambridge ta nuna, a kan 'ya'yan wani kifin ruwan sanyi na Turai, cewa ƙanana kan ƙara saurin girma da zarar an raba su da manya.

Akwai ma wani gurami da ake yi wa laƙabi da mai sumba, saboda yadda biyu ke haɗa baki su daɗe a haka. Masu saye na ɗauka soyayya ce. Kokawa ce, ana gwada ƙarfi ne a ga wanda zai ja da baya.

Yanayin Yamai na ƙara wa wutar fetur. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, gurami kuwa ya fi jin daɗi tsakanin 24 da 28. Ƙaramin akwati da ke kusa da taga na ɗaukar zafi da sauri, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Idan wuta ta ɗauke, injin hura iska da matata suka tsaya, kowane kifi sai ya ninka zuwansa sama, wato ya ninka haɗuwarsa da mai mulkin wurin. Mazauna birnin ba su manta da watannin da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, ta katse layin daga farkon Agusta har zuwa Maris na 2024. Ko ba takunkumi, ɗaukewar wuta a lokacin zafi ba labari ba ne. Ƙaramin injin iska mai batir ko na sola ya fi duk wani kayan ƙawa da za a saka a akwatin amfani.

Maganin faɗan gurami na farawa tun a shago. A mai ɗigo uku, fiffiken bayan namiji dogo ne mai tsini, na mace gajere ne mai zagaye. Namiji ɗaya da mata biyu ko uku, a akwatin da bai gaza lita 120 ba, mai tsawo ba mai zurfi ba, shi ne tsarin da masu gogewa suka fi yarda da shi. Mafi muni shi ne maza biyu su kaɗai, don duk fushin ɗaya a kan ɗayan zai ƙare. Bayan haka sai a hana su ganin juna daga wannan bango zuwa wancan. Ronald Oldfield na jami'ar Case Western Reserve da ke Amurka ya wallafa wani gwaji a 2011 kan wani kifin ado dangin karfasa, inda ya ga cewa faɗa bai ragu sosai ba sai a babban tanki mai lita 380 da aka cika da shingaye da maɓoya. Fili kaɗai, in babu abin da ke tare ido, ba ya sulhu.

A nan ɗan Yamai ya fi na Turai sa'a. Tsingaron tulu ko fasasshen kasko da aka wanke aka goge kaifinsa maɓoya ce mai kyau. Kainuwa kuma, wadda ke kwance kyauta a tafkuna, tana raba saman ruwa gida-gida, saiwoyinta na saukowa kamar labule, ta yadda ƙaramin kifi zai hau ya shaƙi iska babban bai gan shi ba. Sai dai a wanke ta, a ajiye ta a bokiti na mako ɗaya ko biyu kafin a saka, don kada ta shigo da ƙwari da ƙwan katantanwa, kuma kada a bari ta rufe saman ruwan duka. Mazauna Faransa da Beljiyam su sani cewa Tarayyar Turai ta haramta sayar da kainuwa da ajiye ta tun watan Agustan 2024, saboda yadda take mamaye koguna, sai su nemi wata shukar mai yawo a shago.

Abinci kuma a zuba shi a wurare biyu ko uku lokaci ɗaya, nesa da juna, tunda mai mulki ba ya iya tsare ƙofa uku. Idan duk da haka bai saduda ba, wasu kan cire shi na 'yan kwanaki, su sauya wa kowane dutse da shuka wuri, sannan su mayar da shi ya tarar da garin ya canza. Wani lokacin dabarar na ci, wani lokacin kuma da fitar sarki sai mai bi masa ya hau gadon ya ɗora daga inda aka tsaya. Idan an kai nan, rabuwa ce kawai mafita: akwati na biyu, ko a ba wani. Abin da bai kamata ba shi ne a kai shi kogi a saki, don gurami mai ɗigo uku ya riga ya zama baƙon da ya zauna daram a ruwayen ƙasashe da dama da aka sake shi.

Tarwada da nata hukuncin

Kuskure ne a ɗauki darasin falo a kai tsakar gida yadda yake. Wanda ya ga fili na rage faɗan gurami zai iya cewa bari ya rage yawan tarwada a tanki su sake. Bincike ya nuna akasin haka: 'ya'yan tarwada sun fi cizon juna idan sun yi kaɗan a wuri mai faɗi, saboda kowanne na samun yankin da zai kare. Idan suka yi yawa, kare yanki ba ya yiwuwa, sai su koma tafiya tare. Amma cunkoso na da nasa farashin, kashi da ragowar abinci na sakin amoniya, dole a yawaita sauya ruwa, ruwan famfo kuma kuɗi ne, ga sinadarin kulorin da ke cikinsa wanda sai an bar ruwan ya kwana a buɗe kafin a zuba wa kifi. Haske mai yawa ma na tayar musu da hankali, shi ya sa rumfa ko rufin raga mai duhu a kan tanki ke rage raunuka, ban da sanyin da yake kawowa.

Yunwa ita ce babbar mai tayar da cin juna, a kan wannan Hecht da Appelbaum ba su yi kokwanto ba. Kuma yunwa na shiga tanki ko da ana zuba abinci kullum. Idan ƙwayar abincin milimita 3 ce, rabin kifayen kuma bakinsu na milimita 2 ne, to rabin nan azumi suke. Idan ana zubawa a kusurwa ɗaya, manya ne ke cika wurin. Idan buhu ya ƙare ranar Talata, kuɗin sabo bai iso ba sai Juma'a, kwana ukun nan manya ba za su zauna da yunwa ba alhali ga ƙannensu. Mai turo kuɗi daga waje da ya jinkirta na abinci da mako ɗaya, yana iya zama shi ya jawo giɓin da zai zo yana tuhumar wani a kansa. Ƙanana na son abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da na dare, a watsa shi ko'ina a saman ruwan. A sanyin Disamba da Janairu cinsu kan ragu, girma ya ja baya, a lokacin kuma zuba abin da ba za su ci ba ɓata ruwa ne kawai.

Sai babban aikin, wanda yawancin sababbin masu kiwo ke tsallakewa saboda wahalarsa: warewa. A watanni biyu na farko, duk mako ɗaya ko biyu ana rage ruwa, a kwashe kifayen da koma mai laushi, a raba su gida uku, manya, matsakaita da ƙanana, kowane rukuni da tankinsa. Da sassafe ake yi kafin rana ta yi zafi, cikinsu babu abinci tun daren jiya, a cikin baho da ruwan tankinsu, kuma da hanzari. Masu hali na amfani da akwatin tacewa mai sanduna a jere, ƙanana su zube ta tsakani, manya su tsaya. Marasa hali ido da hannu sun ishe su, sai dai a kula da ƙayar da ke gefen tarwada, tana huda hannu, tana kuma maƙalewa a raga ta ji wa kifin ciwo.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya gina tanki ɗaya tak bai shirya kiwon tarwada ba. Ko ya ga shuta da idonsa, ina zai kai su? Da babban tanki ɗaya gara ƙanana uku, ko da biyun na tamfol ne. Wannan magana ce ta ranar da ake tsara kasafi, ba ta ranar da kifi ya fara ɓacewa ba. Haka wurin sayen iri: a duba cikin bahon da kyau, idan tun a nan wasu sun ninka wasu, an sayo rikicin ne da kuɗi. 'Ya'yan da suka ɗan tasa, masu girma ɗaya, sun fi tsada, amma sun riga sun wuce makonnin da cin juna ya fi muni a hannun mai ƙyanƙyasa.

Sai dai kada a ɗora wa warewa abin da ba za ta iya ba. Catarina Martins da abokan aikinta a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun wallafa wani gwaji a 2005, inda suka raba tarwada bisa girma suka bi su. Ƙananan da aka raba da manya sun sauya yadda suke cin abinci, amma girmansu bai ƙaru ba idan aka kwatanta da waɗanda aka bari a gauraye. Wato a tarwada ba duk ƙanƙanta ba ce ta danniya, wani kifin haka halittarsa take, mai sanyin ci ne. Warewa na hana a haɗiye shi, tana ba da damar a ba shi ƙwayar da ta dace da bakinsa, amma ba ta mayar da shi shuta. Wanda ya yi wa mai jari alƙawarin kifi dubu kowanne kilo ɗaya a wata shida, ya yi alƙawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Ranar warewa ita ce kuma ranar ƙirga, kuma a nan ne zumunci ke tsira. Littafi ɗaya na ɗari biyu ya isa: kwanan wata, adadin kowane tanki, waɗanda aka tsinta a mace, buhun da aka buɗe. Mai jari da ke waje, maimakon ya nemi hoton kifi mafi girma, ya nemi bidiyon ƙirga ta WhatsApp duk mako biyu. Yadda adadin ke sauka na faɗin abin da ke faruwa. Idan ƙanana ne ke raguwa a hankali, ga wasu 'yan kaɗan na kumbura, cin juna ne. Idan manya masu kai wa kasuwa ne suka ragu dare ɗaya, ƙananan na nan, to wannan ba aikin kifi ba ne, a duba katanga da makulli. Idan kuwa tun ƙirgar farko, kwana kaɗan da saye, aka ga giɓi mai yawa babu gawa babu shuta, maganar ta koma kan wanda ya auno irin.

Su shuta ɗin da aka ware ba asara ba ne, su ke fara isa kasuwa, kuɗinsu kuma ya sayi abincin sauran. Matsakaita su ne jikin kiwon, da su ake lissafin riba. Rukunin ƙarshe, waɗanda wata huɗu ya wuce ba su motsa ba, ci gaba da zuba musu abincin buhu mai tsada ba ya biyan kansa. Masu gogewa kan kwashe su da wuri su yi banda, tunda ƙaramar tarwada da aka naɗe aka kyafe tana da masu nemanta don miya, tana kuma jure ajiya ba tare da firji ba. Tankin da suka bari sai a wanke shi, a bar shi ya sha rana kwana biyu, ya jira warewa ta gaba.